Jakunkunan ruwan nauyi na jirgina sun rikice: ɗaya ba ta cika, ɗaya ba ta zubarwa, ɗaya tana cika kanta

Ɗan Hotoro

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san harkar famfo da wutar jirgin ruwa. Jirgin na hannu ne, daga Amurka aka shigo da shi ta Legas, irin mai inji a ciki da farfela a ƙarƙashinsa, wanda ake ɗura wa ruwa don ya yi nauyi, bayansa ya nutsa, ya tayar da igiyar ruwan da mutum zai hau da allo ba tare da ana jansa ba. A Hotoro yake kwana a kan tirela, dam ɗin Tiga muke kai shi, wani lokaci na Challawa.

Jakunkuna uku ne a ciki. Biyu a baya, hagu da dama, kowacce an rubuta fam 750 a jikinta, kuma kowacce da famfonta guda ɗaya mai cikawa da zubarwa. Ta ukun tana gaba, ƙarama ce, da alama mai shi na farko ne ya ƙara ta, ita kuma ƙananan famfuna biyu gare ta, ɗaya na cikawa ɗaya na zubarwa.

Ga abin da ke faruwa. Ta hagu a da minti tara take cika. Yanzu famfon yana juyawa, ina jin ƙararsa, allon gaban direba ya nuna ta cika, amma idan na ɗaga murfi ban fi ganin rabi ba. Ta dama tana cika lafiya lau, sai dai idan na danna zubarwa ƙas kawai nake ji, famfon ba ya motsi, sai mun cire tiyo mun juye ruwan cikin jirgi famfon kwasa ya fitar. Ta gaba kuwa abinta ya fi ɗaure mini kai: idan na kunna famfon cikawa wani lokaci sai ya yi ta juyawa babu ko ɗigo, amma idan jirgi na gudu sai in tarar ta cika da kanta ba wanda ya kunna komai.

An ba ni shawarar in sayo sababbin famfuna gaba ɗaya daga waje. Kafin in kashe wannan kuɗi ina son jin ta bakinku. Allah ya saka da alheri.

Mai Famfo

Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka sayi famfo tukuna. Matsaloli uku ka lissafa, kuma da wuya tushensu ya zama ɗaya, don haka a bi kowacce ita kaɗai. Ni zan ɗauki ta hagu.

Da farko ka daina gaskata allon. A jirage da yawa masu jaka babu abin da ke auna ruwan da ke ciki, lokaci kawai allon yake ƙirgawa. An gaya masa minti tara ke cika jaka, da minti tara ya yi sai ya yanke wuta ya rubuta ta cika, ko da rabin ruwan famfon ya turo. Allon bai lalace ba, famfon ne ya rage ƙarfi.

Ka auna ƙarfin da jarka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, fam 750 kuma kimanin kilo 340 ne, wato lita 340. Idan a minti tara take cika, famfon yana ba da kusan lita 38 a minti ke nan, saboda haka jarka mai lita 20 ya kamata ta cika cikin daƙiƙa talatin da 'yan kai. Idan jirgi yana kan ruwa, rufe bawul ɗin kafar shigar ruwa da ke ƙasan jirgi, cire tiyon daga jikin jaka, sa bakinsa cikin jarka, buɗe bawul, kunna, ka duba agogo. Idan a gida ne, cire tiyon shigar ruwa ka tsoma shi cikin duro. Kada ka kunna wannan famfo babu ruwa don ka ji ƙararsa, ruwan da yake ja shi ne man da ke sanyaya robar ciki, cikin ɗan lokaci kaɗan sai ta ƙone.

Ka yi gwajin ta fuska biyu, cikawa da zubarwa, domin amsar tana cikin bambancin. Idan duka biyun sun yi sanyi, ko dai imfela, wato robar nan mai fikafikai da ke juyawa cikin famfo, ta mutu ko wuta ba ta isa famfon. Idan cikawa kaɗai ce ta yi sanyi, matsalar tana tsakanin kafar ƙasan jirgi da famfo. Can sai ka duba abu uku: hannun bawul ya kwanta daidai da tsawon bututu, don idan ya karkace rabi ne a buɗe, rariyar da ke kan layin, idan akwai, ba ta toshe da laka, gansakuka, leda ko zaren masunta ba, sannan babu inda iska ke shiga. Wannan na ƙarshe shi ya fi ɓuya. Kilif ɗin matse tiyo da ya saki a gefen zuƙa ba ya ɗigar da ruwa lokacin cikawa, iska yake sha, sai ka ga kumfa na tafiya cikin tiyo. Amma da ka juya famfon zuwa zubarwa, wannan gefen ya koma gefen turawa, sai wurin ya fara tsiyaya. Ka shafa hannu a kowane haɗi lokacin zubarwa, inda ka ji danshi nan ne.

Buɗe imfela ba wuya. Rufe bawul, kashe makunnin batir, kwance sukurorin murfin gaba, zaro robar da filaya ba tare da ka karce cikin gidan ba. Lanƙwasa kowane fiffike baya ka duba gindinsa. Tsagewa, karyewa, bakin da ya narke ya yi ƙyalli, ko fikafikan da suka kwanta gefe ɗaya ba sa miƙewa, duk alamar a canja ne. Ka kuma riƙe robar ka gwada juya ƙarfen tsakiyarta, don wani lokaci ƙarfen yana rabuwa da robar, motar famfon tana juyawa imfela tana tsaye. Duba cikin murfin ma. Ruwan dam ɗinmu da damina jajir yake da laka da yashi, yana cin murfin ya yi masa zane mai zurfi, kuma idan farcenka na maƙalewa a zanen to ko sabuwar roba ba za ta zuƙa da kyau ba.

Wajen mayarwa shafa gilisarin, ana samu a kyamis, ko sabulun wanke-wanke na ruwa. Kada a shafa giris ko baƙin mai, suna kumbura wasu robobin. Sa sabon zoben roba na murfi, ka ɗaure sukurori a gicciye, kaɗan-kaɗan.

Injiniyan Sharaɗa

Alhaji, sannu da ƙoƙari. Ta dama wuta ce, kusan babu shakka. Famfon da ke cika jaka lafiya ba shi da ciwo a mota ko a roba, domin mota ɗaya ce take aikin biyu, juya mata fozitif da negatif kawai ake yi.

Yadda aka saba haɗawa shi ne da rile biyu, wato ƙananan makunnai da wuta ke kunnawa, masu ƙafa biyar, ɗaya na cikawa ɗaya na zubarwa. Ƙafa 85 da 86 su ne na nadin da makunni ke ba wuta. Ƙafa 30 ta kowane rile tana zuwa waya ɗaya ta famfo. Ƙafa 87 tana kan fozitif, 87a tana kan negatif. Idan ba a danna komai ba, wayoyin famfo biyu duk suna kan negatif. Ka danna cikawa, rile na farko ya ɗaga wayarsa zuwa fozitif, wuta ta ratsa mota ta koma ta 87a na rile na biyu. Ka danna zubarwa, abin ya juya. Ƙas ɗin da kake ji yana nufin makunni da nadin rile suna aiki, amma bai nuna cewa wuta ta tsallaka bakin ƙarfen ciki ba. Bakin na iya ƙonewa ya yi baƙi, rile ya ci gaba da yin ƙara.

Gwaji mafi sauƙi: musanya rile biyun na wannan famfo. Idan yanzu yana zubarwa ya daina cikawa, laifin yana cikin rile. Idan babu abin da ya canja, duba soket ɗin da rile ke zama, ƙafafunsa kan yi kore ko su buɗe su saki, sannan wayar fozitif da ke zuwa ƙafa 87 ta rilen zubarwa. Wasu jiragen zamani ba su da rile a fili, akwatin lantarki ne ke juya wutar, to wannan sai ka auna abin da ke fita daga akwatin kafin ka zarge shi.

Sannan ka auna wuta, har da famfon hagu. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka, idan ya sauko 12.2 ya kai rabi. Inji na aiki ya kamata ka ga 13.8 zuwa 14.4. Amma lambar da ta fi muhimmanci ita ce wadda ke bakin famfon a lokacin da yake jan ruwa. Waya mai tsatsa da silin tagulla biyu kacal suka rage a cikinta za ta nuna maka 12.6 cif idan babu kaya a kanta, da famfo ya tashi sai ta faɗi. Saboda haka a auna famfo yana aiki. Bambanci tsakanin batir da bakin famfo kada ya wuce kashi goma cikin ɗari.

Waɗannan famfuna masu roba suna cin wuta sosai, amfiya goma zuwa sama kowanne, ainihin lambar tana rubuce a jikinsa. Ga lissafi: famfo mai cin amfiya 15, nisan mita biyar daga batir, zuwa da dawowa mita goma. Waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 za ta cinye kusan bolt ɗaya, mai 4 kusan 0.7, mai 6 ƙasa da rabin bolt. Wannan idan tagulla ce ta gaske. Akwai wayar alminiyam da aka shafa wa ruwan tagulla a kasuwa, ka kankare sili ɗaya da wuƙa, idan cikinsa fari ne ka ajiye ta. Ta jirgi ta asali tagulla ce da aka yi wa rufin kuza, ita ma fara ce amma a waje, cikinta ja.

Idan fis yana ƙonewa ko bireka tana faɗuwa, kada a ƙara girmansa. Fis wayar yake karewa, kuma faɗuwarsa na nufin roba ta kumbura ta cije, ko wani abu ya maƙale, ko tiyon da ruwa ke fita ya toshe. Abu ɗaya kuma da ba na so a yi wasa da shi: inji mai fetur ne, ɗakinsa rufe yake, tururin mai yana kwanciya a ƙasa. Kafin ka taɓa waya buɗe murfin ɗakin inji, kunna fankar fitar da tururi na minti huɗu, kuma kada a gwada wuta ta hanyar goga waya a ƙarfe don a ga tartsatsi.

Abban Sumayya

Allah ya ƙara sani Injiniya. Game da ta gaba, ƙananan famfunan nan irin na farfela ne, ba sa zuƙo ruwa da kansu, sai ruwa ya gangaro ya cika cikinsu sannan su tura. Dole famfon cikawa ya zauna ƙasa da layin ruwa, bakin fitarsa yana kallon sama, tiyo kuma ya riƙa hawa daga kafa zuwa famfo zuwa jaka ba tare da ya yi tozo a hanya ba. Duk inda tiyo ya hau ya sauko, iska za ta zauna a ƙololuwar, farfela ta yi ta juyawa a banza. Shi ya sa abin ke faruwa wani lokaci kawai, musamman da zarar an sauke jirgi daga tirela, ko idan jakunkunan baya sun cika gaban jirgi ya ɗaga har kafar ta kusa fita daga ruwa. Ka gwada cika ta gaba tun farko, jirgi yana tsaye. Idan iska ta maƙale, kashe ka kunna sau biyu ko uku, ruwan da ke cikin tiyo zai koma baya ya kori iskar. Ka kuma rufe bawul ka murɗo kan famfon ka duba ko zare ya naɗe farfelar.

Duba tiyon numfashi na kowace jaka, wanda ke fita ta gefen jirgi. Jirgin da ke kwana a fili a Kano zanzaro na son gina gida a irin waɗannan ƙofofi. Ka busa, idan iska ba ta wuce ba ka soka waya. Idan ya toshe, iska ba ta da hanyar fita, jaka ta kumbura ba ta cika ba, kuma babban famfo na iya yaga ɗinkinta.

Cika kanta da take yi kuwa, ina ganin a sa bawul mai hanya ɗaya, non-ritan, a kan tiyon cikawa, a huta.

Mai Famfo

Abban Sumayya, maganarka a kan iska da zanzaro daidai ce, amma non-ritan ba zai hana jakar cika kanta ba. Shi ruwan da ke komawa baya yake tarewa. Wannan ruwa kuwa gaba yake tafiya, daga dam zuwa jaka, hanyar da bawul ɗin ke buɗewa da kansa. Amfanin non-ritan a wannan layi shi ne hana jakar da ta cika tsiyayewa ta cikin famfo, domin famfon farfela idan an kashe shi buɗe yake, ruwa na ratsa shi ta kowace fuska.

Alhaji, ka leƙa ƙarƙashin jirgin a kan tirela ka ga irin kafar. Idan shafaffiya ce, to zuƙo ne ke faruwa, kamar yadda fetur ke ci gaba da bin tiyo daga tanki muddin bakin tiyon yana ƙasa, kuma maganinsa a ɗaga tiyon cikawa ya yi baka can sama ƙarƙashin gefen jirgi, sama da layin ruwa a lokacin da jirgi ke cike kuma a karkace, sama da saman jakar, a sa ɗan bawul mai shan iska a ƙololuwar bakan. Idan kuwa kafar mai ludayi ce da ke kallon gaba, gudun jirgi ne ke cusa ruwan. A gudun hawa igiyar ruwa, kimanin kilomita 18 a awa, ƙarfin cusawar na iya ɗaga ruwa sama da mita ɗaya. A kilomita 40 a awa ya haura mita shida. Babu bakan tiyon da zai tare wannan. Sai dai a riƙa rufe bawul da hannu bayan an gama, ko a sa bawul mai aiki da wuta da ke buɗewa tare da famfo, ko a canja kafar da shafaffiya.

Kada a raina wannan matsala. Nauyin da direba bai san da shi ba a gaban jirgi shi ne ke sa hanci ya nutse idan an rage gudu igiyar baya ta cim masa.

Sannan kada kowa ya sa non-ritan a kan babban tiyon famfunan baya. Ruwa ta hanya ɗaya yake shiga ya fita, ka tare shi ka hana zubarwa, robar ta ƙone.

Ɗan Hotoro

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga sakamako. Famfon hagu ya ɗauki daƙiƙa 70 kafin ya cika jarka, haka ma wajen zubarwa. Da inji na aiki batir 14.1, bakin famfon 11.3. Na buɗe, fikafikai biyu babu, guntu ɗaya na samu a cikin gidan, ɗayan ban gan shi ba. Murfin yana da zane amma farce ba ya maƙalewa.

Ta dama, da na musanya rile sai ta koma zubarwa ta daina cikawa, kamar yadda Injiniya ya ce. Kafar ta gaba mai ludayi ce tana kallon gaba, kuma tiyonta ya bi ta kan wani katako ya sauko kafin ya kai famfo. Tiyon numfashi na dama a toshe yake da laka.

Tambayoyina: rile ɗaya zan canja ko biyu, kuma na mota da ake sayarwa a Ƙofar Ruwa zai yi? Guntun da ya ɓace zan iya barinsa? Sannan idan na gama, yaya zan daidaita allon?

Injiniyan Sharaɗa

Biyun za ka canja. Musanyawar ta tabbatar rile ne, amma ba ta nuna wanne ba, domin ƙonewar ƙafa 87 ta rilen zubarwa da ƙonewar 87a ta rilen cikawa alama ɗaya suke bayarwa. Wajen saye duba lambobi biyun da ke jikinsa, misali 40/30. Ƙaramar cikinsu galibi ita ce ƙarfin 87a, kuma a wannan haɗin duk wutar mota tana komawa ta cikinta. Ta fi abin da famfo ke ci da tazara mai kyau.

Rilen mota a lambobi zai yi, amma ya danganta da inda yake zaune. Idan ƙarƙashin sitiyari ne, wuri busasshe nesa da mai, nemi rufaffe wanda ruwa ba ya shiga. Idan a ɗakin inji ne ko kusa da tankin mai, sai wanda aka rubuta an kare shi daga tayar da wuta, irin na jiragen ruwa. Rile na yin tartsatsi a cikinsa duk lokacin da ya buɗe. Abin da ke ƙona su da wuri shi ne tsallakawa daga cikawa zuwa zubarwa kai tsaye mota tana kan juyi. A tsaya a tsakiya daƙiƙa biyu ko uku. Toshewar tiyon numfashin nan ma ta taimaka, don tana sa famfo ya ja wuta fiye da ƙima idan jaka ta kusa cika.

Ta hagu kuwa, bolt 2.8 ya ɓace a hanya, kashi ashirin cikin ɗari ke nan, kuma da sabuwar roba za ta fi haka, domin lafiyayyar imfela ta fi karyayya jan wuta. Nemo inda yake ɓacewa kamar haka: famfo yana aiki, sa baki ɗaya na mitar auna wuta a fozitif na batir, ɗayan a wayar famfo mai ɗauke da fozitif. Abin da mita ta nuna shi ne asarar wannan gefen. Yi haka a gefen negatif, wanda mutane ke mantawa da shi alhali can ne laifin ya fi yawa. Gefen da ya fi asara sai ka bi shi haɗi bayan haɗi: kan batir, babban makunni, fis, rile, sandar da negatif ke taruwa. Haɗi mai kyau bai kamata ya ci fiye da bolt 0.1 ko 0.2 ba. Wanda ya fi haka, sau da yawa za ka ji shi da ɗumi. Yanke kan wayar har ka kai tagulla mai haske, matse sabon kai da filayar matsewa, rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗa waya a naɗe da baƙin tef ba ya daɗewa a jirgi.

Mai Famfo

Guntun nan kada ka bar shi. Tunda famfon fuska biyu yake aiki, yana iya kasancewa ta kowane gefe: a gwiwar farko bayan famfo, a bakin jaka, cikin jakar, ko a bawul. Idan ya dawo zai karya sabuwar robar. Cire tiyo biyun ka wanke su da ruwa mai ƙarfi ta baya, ka juye jakar ka girgiza. Murfin kuma goge shi a kan takardar yashi mai laushi da aka shimfiɗa a kan gilashi, zai yi.

Ka sayi roba da lambar famfonka, kada a gwada da ido, kuma ka sayi uku: hagu, dama, da ta ajiya a cikin jirgi. Zafin Maris zuwa Mayu a garin nan, da ke kaiwa digiri 40, yana busar da roba, musamman jirgi a rufe da tamfol. Idan zai zauna fiye da wata guda, zare imfelolin ka ajiye a inuwa, ka buɗe jakunkuna su bushe don kada su yi funfuna, ka kuma duba ɓarnar ɓera a waya da tiyo kafin fita.

Daidaita allo sai an gama komai. Zubar da jaka har ta lafe da idonka, mayar da ƙidayar sifili yadda littafin jirgin ya nuna, kunna inji, cika kana duba agogo har ruwa ya fara fita ta tiyon numfashi. Wannan lokacin za ka shigar. Na zubarwa kuma ka auna shi daban, ka tsaya da zarar muryar famfo ta canja ta yi sama, don daga nan babu ruwa yake juyawa. Lokacin zubarwa da ya yi tsawo shi ne ya fi kashe imfela a jiragen nan. Idan jaka na manne wa bakin tiyo kafin ta ƙare, gyara zamanta yadda bakin zubarwa zai kasance a ƙasa ta baya, babu ninki a kansa.

A zubar da ruwan a dam ɗin da aka ɗebe shi kafin a hau titi. Tirela da tayoyinta ba a yi su don ƙarin kusan tan guda ba, kuma bai dace a kwashi ciyawa da ƙananan katantanwa daga Tiga a kai Challawa ba, tunda wasu katantanwan ruwa ne ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Jakar gaban da aka ƙara kuma a lissafa ta cikin nauyin da farantin da ke manne a jikin jirgi ya halatta, tare da mutane da kaya. Idan jakunkuna sun koma cika sosai igiyar za ta fi wadda ka saba gani kwanan nan, a yi nesa da kwale-kwalen masunta da komarsu.

Ɗan Hotoro

Madalla. Saura ɗaya: na yanke shawarar canja kafar gaban da shafaffiya tare da sabon bawul. Zan iya haɗawa da bawul ɗin 'yan famfo na kasuwa?

Abban Sumayya

Na karɓi gyaran Mai Famfo a kan non-ritan. A kan wannan kuma, Alhaji, ka yi hattara da tiredi, wato haƙoran da ake murɗa bawul a kansu, domin iri-iri ne. Kayan Amurka NPT ne, kafar kanta kuma galibi miƙaƙƙen tiredi ne, NPS, na kasuwarmu kuwa yawanci BSP. A inci ɗaya ba su ma yi daidai a yawan haƙora ba, 11 da rabi a kan 11, zai shiga zagaye biyu ko uku ya cije. A rabin inci da uku bisa huɗu yawan haƙoran ɗaya ne, 14, shi ya sa yake yaudara, amma kusurwarsu daban, digiri 60 da 55, sai ya ɗauru kamar ya zauna alhali kaɗan ya kama. A ƙasan layin ruwa ba a cike wannan giɓi da tef. Ka yi odar kafa da bawul tare, masu tiredi ɗaya, na tagullar jirgi ko na robar da aka yi don wannan aiki, bawul mai cikakkiyar ƙofa don kada ya rage ruwa.

Wajen ɗaurawa kankare tsohon danƙo tas, goge ramin ya bushe, sa danƙon jirgi na foliyuritan irin Sikaflex 291 ko 3M 4200, ba silikon na gilashi ba. Mutum ɗaya ya riƙe kafar daga waje kada ta juya, ɗaya ya ɗaure noti daga ciki har danƙo ya fito zagaye, a bar shi ya bushe iya lokacin da aka rubuta a jikin bututun. Tiyo ya zama mai ƙarfafan bango da ba ya lotsewa, kilif biyu na bakin ƙarfe mara tsatsa a kowane haɗin da ke ƙasan ruwa, ka bi da shi ta ƙarƙashin katakon nan don tozon ya fita. Ranar gwaji a sauke jirgi ruwa yana ɗaure a kan tirela, bawul a rufe, a sa busasshiyar takarda a gindin kafar na minti goma, sannan a buɗe bawul a sake dubawa kafin a kwance shi.